Ɗakin Baƙo A Kwamfutar Bashir

Da sunan Allah nake fara wannan babi, amma ba zan ɓoye muku ba, da zafin rai nake rubuta shi. Ranar sunan jikata a Bungudu ina bayan labule ina canza mayafi, na ji ki da kunnena, Hafsatu, kina ba ƙawayenki labari wai Inna ce ta goge kwamfutar marigayi Bashir, shi ya sa Baffa Alhaji ya kore ta daga gidansa na Gusau. Ban fito na ƙaryata ki ba don ranar farin cikinki ce. Kai ma Aminu na san haka ka ɗauka, tunda duk lokacin da aka ambaci gidan sai ka sunkuyar da kai kamar uwarka ta yi sata. To ku buɗe kunnuwanku. Ban goge komai ba, kuma ba wanda ya kore ni. Lokacin da abin ya faru kai kana makaranta a Zariya, ke kina ɗakin mijinki, duk abin da kuka sani a bakin waɗanda ba sa wurin kuka tsince shi. Ni ina wurin, kuma yatsana ne ya danna.

Kun san keken aikin kwamfuta da mahaifinku Malam Isa ya bari a shagonmu na Tsafe, wanda ke yi wa riguna aikin wuya da na aljihu. Keken nan ba ya ɗaga allura sai kwamfuta ta ba shi umarni, kuma wata tsohuwar kwamfuta ce mai ƙaton kai take ba shi. A cikinta mahaifinku ya zana duk ayyukansa, aska biyu, aska takwas, da wani zane nasa na kansa mai kama da ganyen auduga, wanda har daga Funtuwa ake zuwa nema. Da idonsa ya fara rauni sai ya zaunar da ni a gabanta. Ni da ban gama sakandare ba na koyi buɗe zane, da rage shi, da zaɓa masa launin zare, yana daga bayana yana faɗa yana cewa hannuna ya fi na mai daka nauyi. Shekarun ƙarshe na rayuwarsa duk rigar da ta fita daga shagon nan da sunansa, ni na yi ta.

Bayan na fita takaba ne zama ya gagara a gefen garin da muke. Harbi ya matso har ana jin sa daga gonaki da rana tsaka, maƙwabta suka fara ɗaure kaya. Yayan mahaifinku, Alhaji, ya aiko mini da akori-kura daga Gusau. Muna hanya ruwa ya sauko, tamfal kuma ɗaya ce. Na rufe keken da ita, kwamfutar ta sha ruwa ta ƙoshi. Masu gyara na kasuwa suka buɗe ta suka ce ta mutu murus. Zane-zanen mahaifinku sun tsira, don ya ajiye su a filash cikin gwangwanin allurai tare da tsofaffin faifan da kwamfutar da keken suka zo da su. Amma duk sabuwar kwamfutar da aka gwada sai ta ƙi manhajar keken, wai ta tsufa, ba yarensu ɗaya ba. Keken ya zauna a kusurwar ɗakin da aka ba ni, an rufa masa tsohon zane, har yaran gida suka fara ɗora masa kwanuka.

Ba zan zagi Baffanku ba, ya riga mu gidan gaskiya. Bai taɓa hana ni tuwo ba, bai taɓa ɗaure mini fuska don na zo ba. Amma mutum ne da ya saba auna hatsi shi kaɗai ya yanke farashi, haka yake yi wa mutane ma. Wata safiya ya kira ni zaure.

"Saudatu, wanga ƙarhe ya zama kaya. Na samu mai saye daga Sakkwato. Ke kuma na yi magana da yayanki Garba, ki koma Kekun Waje ki huta."

"Yaya Alhaji, hutun mi? Na ce maka na gaji?"

"Mace mai shekarunki mi taka nema ga keke?"

"Abin da kaka nema ga buhun dawa."

Bai yi dariya ba. Ya ce mai saye zai zo da mota bayan Juma'a, magana ta ƙare. Na fito zuciyata tana tafasa. Na san Kekun Waje, can aka haife ni, kuma ina son Yaya Garba. Amma na san irin hutun da ake nufi: in zauna a gindin rumbu ina tsince wake, ina jiran a aiko mini da tuwo, in ina son sabulu sai na roƙa. Keken nan shi ne hannuna, shi ne kuma abin da ya rage mini na mahaifinku wanda yake motsi. In aka ɗora shi a motar Sakkwato, ni ma an gama da ni.

Wadda Allah ya turo mini ita ce Madam Esta, maƙwabciyarmu ta bayan katanga. Mutuniyar Kudancin Kaduna ce, ta koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata har ta yi ritaya, mijinta yana aikin coci. Ta daɗe a Gusau har Hausarta ta koma irin tamu. Ta shigo ne in gyara mata zif, ta ga keke da kwanuka a kansa, ta tambaya, na zazzage mata komai. Ta juya tsofaffin faifan nan a hannunta, sannan ta ce:

"Maman Aminu, ba sai kin samu tsohuwar kwamfuta ba. Sabuwa tana iya sauke tsohuwa cikinta, kamar yadda aka sauke baƙo. A yanka mishi ɗaki, a ba shi rabon abinci nai, a rufe ƙofa. Shi can ciki gani shikai gida nai ne. Masu abin ma haka sunka sa musu suna, mai masauki da baƙo."

"To baƙon ba ya leƙa ɗakin masu gida?"

"Bai ma san da su ba. Abin da kinka miƙa mishi shi kaɗai shika gani."

Na ji kamar labarina take bayarwa. Matsalar ita ce wace sabuwar kwamfuta? Tata tana hannun ɗanta a Abuja. A gidanmu kuwa guda ɗaya ce tak, laftof ɗin Bashir, ɗan Alhaji da ya rasu a hatsarin mota a hanyar Bungudu yana saurayi. A cikinta akwai hotunansa da karatun Alƙur'ani da ya naɗa da muryarsa. A naɗe take cikin zane a can ƙasan durowa, ba a fito da ita sai ranar Juma'a, a kunna karatun, Alhaji da matarsa Yaya Kulu su zauna su saurara, a mayar. Ko a mafarki ban yi niyyar roƙonta ba. Yaya Kulu ce da kanta, tana daga bakin ƙofa tana jin mu, ta tafi ta dawo da ita a rungume kamar jinjiri.

"Kwamfutar ga tawa ta, ga rabon gado ta hwaɗo mini. Da Bashir na da rai da kai nai zai kawo miki ita."

"Yaya Kulu, Alhaji hwa?"

"Alhaji ya yanke nashi hukunci bai tambaye ki ba. Ni ma na yanke nawa."

Ku lura da wannan, don shi ne abin da masu ba ku labari suke tsallakewa. Na ce ba zan taɓa ta ba sai an kwashe duk abin da Bashir ya bari an ajiye a wani wuri. Madam Esta ta kawo sabon filash, muka kwafe hotuna da karatu, muka buɗe su a can muka tabbatar suna yi, Yaya Kulu ta ƙulle filash ɗin a haɓar zanenta. Ban yi caca da muryar yaron mutane ba.

Ranar da muka yi aikin Alhaji ya tafi gonarsa ta Bungudu, an kuma kawo wuta tun hantsi. Madam Esta ta ja kujera gefe ta naɗe hannuwanta, ta ce ita ba za ta taɓa ba, don in ta tafi gida Kirsimeti abin ya lalace wa zan kira? Da hannuna na saka manhajar da ke yi wa baƙo masauki. Manhajar ta tambaye ni sunan baƙon, na rubuta Tsafe. Ta tambayi rabon da za a ba shi daga ƙarfin kwamfutar, na ja abin har ƙarshe don ina son baƙona ya ƙoshi, Madam ta buge mini hannu, ta ce in na kwashe tukunya duka na ba baƙo mai gida zai faɗi da yunwa, su duka su mutu. Na rage. Sannan na yanka masa ɗaki daga ma'ajiyar kwamfutar, ɗan ƙarami, na kalli lambar girmansa da kyau har ta zauna mini a kai. Laftof ɗin ba ta da wurin saka faifai, sai da Madam ta kawo nata na jonawa. Muka saka tsohon faifan babbar manhajar, wadda ita ce take tafiyar da tsohuwar kwamfutarmu gaba ɗaya. Sai ga wata 'yar taga ta buɗe a tsakiyar allo, shuɗiya, da irin fararen rubutun da na saba gani a Tsafe.

Ana cikin haka tagar ta tsaya, ta fito da wani gargaɗi da Turanci. Madam Esta malamar aji ce, ba ta iya karatu a zuci ba, komai sai ta ɗaga murya. Ta karanta, ta fassara:

"Ta ce duk abin da ke cikin ma'ajiyar ga za a goge shi ƙarƙaf, ba ya dawowa. In kin yarda ki danna."

Ashe Alhaji ya dawo da wuri, ya yi sallama ba mu ji ba. Yana tsaye a bakin ƙofa da ƙasar gona a ƙafarsa, kuma wannan maganar ita ce ta fara shiga kunnensa. Ya ga zanen da ake naɗe kwamfutar a yashe kan gado, ya ga fuskar allon ta canza. Ban taɓa ganin jini ya bar fuskar mutum kamar haka ba.

"Mi za a goge? Kulu, mi kunka yi ma yarona?"

Madam ta miƙe tana ƙoƙarin yi masa bayani, ya ɗaga mata hannu cikin ladabi ya ce wannan maganar gida ce. Yaya Kulu ta kwance haɓar zane ta nuna masa filash, ta ce komai yana ciki. Ya ce abin da aka kwafa ba shi ba ne, shi wanda Bashir ya taɓa da hannunsa ya sani. Sannan ya juyo gare ni.

"Saudatu, ɗauke hannunki. Ke baƙuwa ta gidan ga. Ban sauke ki don ki taɓa mini abin da ya rage mini ba."

Baƙuwa. A gidan nan aka haifi mahaifinku. A ɗakin nan da muke tsaye aka kawo ni amarya kafin mu koma Tsafe, da hannuna na yi wa uwarsu jinya har ta cika, na yi wa Bashir wankan jego tare da uwarsa. Kalmar ta soke ni har sai da na ji ta a haƙarƙari. Kuma zan faɗa muku gaskiya, na ji tsoro. Mutum ne yake kallona da idon wanda za a sake kashe wa ɗa. Na mayar da idona kan allo, na duba lambar da ke jikin gargaɗin. Ita ce dai 'yar ƙaramar lambar da na yanka da hannuna ɗazu, ba girman kwamfutar duka ba. Baƙon ɗakinsa kaɗai yake gani, shi yake kira duniya, shi yake neman izinin sharewa. Na san haka kamar yadda na san sunana. Na kuma san in na ɗauke hannuna yanzu, an mayar da kwamfutar durowa ke nan, motar Sakkwato ta zo, ni kuma sai Kekun Waje.

"Na ji, Yaya Alhaji, ni baƙuwa ce. To ɗakin da anka ba baƙo shi za a share. Naka ba mai taɓa shi."

Na danna.

Yaya Kulu ta yi salati ta damƙe filash ɗin a tafin hannunta. Alhaji bai yi ihu ba, bai fita ba. Ya sulale ya zauna a dokin ƙofa, wurin da ban taɓa ganin ya zauna ba, ya zuba wa wani ɗan layi da ke tafiya a allo ido. Layin nan ya yi ta jan ciki har aka kira la'asar, ba wanda ya tashi sai da ya cika. Tagar ta yi duhu, ta sake haske, sai ga ɗan kiɗan nan da tsohuwar kwamfutarmu take yi kowace safiya in mahaifinku ya kunna ta. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na share, na matsar da tagar Tsafe gefe, na ce wa Yaya Kulu ta zo ta buɗe abin ɗanta da hannunta. Hoton Bashir yana nan inda yake, da hularsa a karkace. Ta danna, muryarsa ta cika ɗakin, ba ko harafi ɗaya da ya ɓace. Alhaji ya cire hula ya rufe fuskarsa da ita, ya saurara har ƙarshen surar, sannan ya tashi ya tafi masallaci.

Keken ma bai tashi nan take ba. Washegari na saka manhajarsa a cikin baƙon, na jona wayar keken, na tura zane, shiru. Na yi ta zagin keke da wanda ya ƙera shi, har Madam Esta ta leƙo ta katanga tana dariya, ta ce wayar tana hannun mai masauki, sai na miƙa wa baƙo da kaina, ai ta gaya mini abin da aka miƙa masa kaɗai yake gani. Na nemo wurin na miƙa. Allura ta ɗaga, ta sauka, ta kama gudu a kan wani ƙyallen shadda, ganyen audugar mahaifinku ya fara fitowa. Da mai saye ya zo da motarsa ni na fita na same shi, na ba shi haƙurin wahalar hanya, na ce keken yana da mai shi.

A ranar Alhaji ya sake kirana zaure.

"Ba a goge ba, na gani. Amma na ce kar ki danna, kinka danna, gaban matata da baƙuwar waje."

"Na danna."

"Ki ba ni haƙuri, a maida kwamfutar inda take, a wuce wurin."

"In da na ɓata maka wani abu, da har ƙasa zan duƙa. Ban ɓata ba. Kai kuma kalmar da ka hwaɗa mini ba ka ce a wuce ta ba."

A nan maganar ta tsaya. Bai ce in bar masa gida ba, ku rubuta wannan ku ajiye. Ni ce na ga cewa wanda aka kira baƙo a gaban mutane, in yana da ƙafa gara ya nemi nasa wuri. Na kama ɗaki da ɗan shago a Tudun Wada, na sa aka ɗauki keken. Ina ɗaure kaya Yaya Kulu ta shigo ta ɗora kwamfutar a kan kayana, ba tare da zanen da ake naɗe ta ba. Ta ce ta gaji da binne ɗanta kowace Juma'a, gara ta san yana wani wuri yana aiki.

Abin ya ci mini rai, ba zan ce bai ci ba. Dangin mahaifinku suka ɗauke mini ƙafa. Aka yi bikin 'yar Alhaji ba a aiko mini ko goro ba, ni da na yi mata kitson farko. Yaya Garba ya yi fushi wai na kunyata shi, na nuna gidansa bai isa ya riƙe ni ba. Yaya Kulu ta sha zaman kurame da Alhaji a ɗakinta na tsawon lokaci, kuma wannan shi ne abin da ya fi damuna har yau. Labari ya zaga ya canza kama, har ya iso kunnenku a yadda kuka ji shi. Na yi kuka a shagon nan ba sau ɗaya ba. Amma ko sau ɗaya ban ce da na sani ba. Da keken nan na ci, na sha, na yi wa 'ya'yanku rigunan suna, ban miƙa wa kowa hannu ba. Da na samu hali na sayi tawa kwamfutar, don ashe baƙon ana iya ɗaukarsa da ɗakinsa gaba ɗaya a kai shi wani gida, na aika wa Yaya Kulu cewa ga ta Bashir zan mayar. Ta ce in na mayar ba ni ba ita. Tana nan kan teburin shago har gobe. Hafsatu, kafin ki sake ba da labarina a gidan suna, ki zo ki kunna ta ki ji ko an goge.

Yaya Kulu an saka mata karatun a wayarta, tana ji duk lokacin da ta so. Alhaji kuwa ya tsaya a kan bakansa, abin da aka kwafa ba shi ba ne. Ya daure har damina ta wuce, wata ta zo. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ina cikin aiki na ga inuwa a ƙofar shago. Shi ne, ya rame, yana riƙe da sandar da da ba ya riƙewa. Na tsayar da keke na gaishe shi, ya amsa a taƙaice yana kallon teburin.

"Kunna mini yaron."

Haka ya riƙa zuwa kowace Juma'a har ciwon ajalinsa ya kwantar da shi. Ban taɓa ba shi haƙuri ba, shi ma bai taɓa janye kalmarsa ba, kuma ba wanda ya sake tayar da maganar. Amma ranar farkon nan ba ta fita raina. Na kunna masa karatun, na shimfiɗa masa tabarma, na shiga ciki na kawo masa ruwa a kofin da nake ajiye wa baƙi. Ya san kofin, don da shi uwarsa take tarbar mutane a gidansu, ni ta bar wa shi. Ya kalli kofin, ya ɗago ya kalle ni, ya karɓa da hannu biyu ya sha.